Tsirkiyar jita: wane kauri, wane ƙarfe, kuma yaya ake ɗaura ta?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya uku gare ni. Jitar akwati ce mai tsirkiyar ƙarfe, lamba 12 ke kanta. Ta farko, ina so in koma 13 don an ce sauti ya fi cika, ko akwai matsala? Ta biyu, tsirkiya ta uku, wato G, ita ce kullum take tsinkewa. Ta uku, in an zo canji, a kwance duka shida lokaci guda ko ɗaya bayan ɗaya?

Usta Mai Gyara:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mu fara da lambar. In aka ce 12, ana nufin kaurin tsirkiya mafi siranta a cikin saitin, kashi 12 cikin dubu na inci ɗaya, wajen milimita 0.30 ke nan. Saitin 12 da aka fi sani yana tafiya haka: 12, 16, 24, 32, 42, 53. Na 13 kuma: 13, 17, 26, 35, 45, 56. A ido bambancin kamar babu, amma a jikin jita babba ne. Saitin 12 in an ɗaure shi daidai yana jan wuya da jaki (katakon da ke riƙe gindin tsirkiya a fuskar akwati) da ƙarfin da ya kai wajen kilo 73. Na 13 yana kaiwa kilo 84 ko sama kaɗan. Kilo goma sha wani abu ka ƙara wa katakon da kaurinsa bai kai milimita 3 ba, kuma dare da rana yake ɗauke da shi.

Abu huɗu ne ke biyo baya. Wuya zai ƙara sunkuyowa gaba. Fuskar akwatin da ke bayan jaki za ta ɗan taso. Waɗannan biyun su sa tsirkiya ta yi nisa da firet (siraran ƙarafan da ke gitte a allon wuya), yatsa ya sha wuya. Sai na huɗu, ɗan ƙashin nan na bakin wuya mai tsagi shida: tsagin da aka yanka don 24 zai shaƙe 26.

Babbar jita mai faɗin ciki yawanci tana ɗaukar 13 lafiya, da yawa ma da ita suke fitowa daga kamfani. Ƙaramar jita, ko tsohuwa, ko mai siririn katako, kada ka soma. Kafin komai ɗauki takarda ka gwada zura ta ƙarƙashin jaki ta baya. In ta shige ko da kaɗan ne, gam ya fara saki, 13 za ta ƙarasa ɓamɓare shi.

Sarkin Solo:
Usta, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ni tushen maganar nake ja. Wa ya ce kauri shi ne sauti? Mutane suna kawo shahararren makaɗin jita Stevie Ray Vaughan da lamba 13 ɗinsa, sai su manta ya sauke ɗaurin jitarsa rabin mataki, wato sautin firet ɗaya. Billy Gibbons kuma, shi ma makaɗin jita, 7 da 8 yake ɗaurawa, wa zai ce sautinsa siriri ne? Mai koyo da zai hau 13, abin da zai samu shi ne ciwon yatsu da kod (sautin tsirkiyoyi da yawa a haɗe) da ba ya fita tas, ƙarshe ya jingine jitar. Ni da zan ba shi shawara ma 11 zan ce, mai 11 zuwa 52.

Injiniya:
Yaya Sarki, misalanka biyu duk na jitar lantarki ne, kuma a nan gaskiyarka ce. A can maganaɗisu ne ke jin motsin ƙarfe, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, abin da siranta ta rage sai ka murɗa ka mayar. A jitar akwati babu wannan. Tsirkiyar ce da kanta take girgiza fuskar katako, mai nauyi ta fi girgiza ta, don haka ƙara tana ƙaruwa da gaske, musamman a ƙasa. Sai dai yana da iyaka. Jita mai sauƙin katako in aka cika mata ja sai fuskar ta ƙage, sautin ya shaƙe maimakon ya buɗe.

Ga lissafin don kowa ya iya yi da kansa. A tsirkiyar da ba ta da naɗi (siririyar wayar da ake kewaye masu kauri da ita), ƙarfin ja yana tafiya da kauri sau kauri. Daga 9 zuwa 10, wato 100 a kan 81, ƙarin kashi 23 cikin ɗari ne. Daga 12 zuwa 13, 169 a kan 144, ƙarin kashi 17. Haka yake da tsayin sauti: in ka sauke ɗauri rabin mataki, ja zai ragu da kamar kashi 11, cikakken mataki kuma kamar kashi 21. To ku duba: kilo 84 ka cire kashi 11, ya zama wajen 75. Ashe 13 da aka sauke rabin mataki kusan daidai take da 12 a cikakken ɗauri. Wanda yake son cikar 13 ba tare da ya wahalar da jitarsa ba, ga hanya nan, in yana son komawa asalin sauti ya sa kapo (matsen da ke danne tsirkiyoyi duka) a firet na 1.

Tsawon wurin kaɗawa ma yana ciki. Jitar kamfanin Fender inci 25.5 ce daga ƙashi zuwa sirdi (abin da tsirkiya ke hawa a kan jaki), ta Gibson 24.75. Saiti ɗaya a kan Fender ya fi tauri da kamar kashi 6, shi ya sa mai 9 a Fender yakan ji daɗin 10 a Gibson.

Usta Mai Gyara:
Madalla da wannan lissafi, Injiniya. Ɗan Koyo, kafin a amsa maganar G, gaya mana a ina take tsinkewa. Wurin shi ne amsar.

Ɗan Koyo:
Daidai kan sirdi, Usta. Kuma in ana murɗa kunnenta sai ta yi shiru ba ta hawa, can sai a ji ƙas, ta tsallake ta wuce.

Usta Mai Gyara:
To cuta biyu ce. Da ma G ta jitar akwati ita ce mai rauni a gidan. Lamba 24 ce, amma naɗi ne ya cika ta. Zuciyar ƙarfen da ke ciki, wadda ita kaɗai ke ɗauke da ja, siririya ce kusan kamar tsirkiya ta ɗaya, alhali kilo 13 zuwa 14 ke kanta, ita kuwa ta ɗaya wajen 10 da rabi. Don haka ƙaramin kaifi ya ishe ta.

Cire tsirkiyar ka shafa kan sirdi da farce. Za ka ji ɗan rami da ta ci, mai kaifi a baki. Zare sirdin, ka sa masa alama da fensir a gindi don kada ka juya shi wajen mayarwa. Samu samfefa mai laushi, lamba 600, ka goge bakin ramin a hankali har kan ya koma a kewaye, ka bi da 1000. Kaifin kawai za ka kashe, kada ka ci tsayin sirdin. In ramin ya yi zurfi, sabon sirdi ya fi.

Ƙas ɗin nan kuma daga ƙashin bakin wuya ne. Tsagin ya kama tsirkiyar, ja yana taruwa tsakanin kunne da ƙashi, sai ya kuɓuce gaba ɗaya. Shi ne kuma yake hana jita riƙe saiti. Ɗaga tsirkiyar, fere fensir ka goga bakinsa cikin tsagin har ya yi baƙi. In bai daina ba, naɗe guntun samfefa 600 a jikin tsohuwar G ka shafa bangon tsagin, gefe da gefe kawai. Kada ka taɓa ƙasansa, don in ya zurfafa tsirkiya za ta zauna kan firet na 1 tana ziza, kuma babu komawa. Ka kuma lura: tsagin da ya shaƙe 24, ina ga 26? Gyara wannan tukuna kafin ka yi zancen 13.

Ga sauran masu karatu: in a wurin kunne take tsinkewa, bakin ramin turken da ake naɗa ta a kai ne ke da kaifi, ko an kwance an sake ɗaurawa har ƙarfen ya gaji a lanƙwasa. In a tsakiya ne kan wani firet, tsufa ne ko firet ɗin ya yi kaushi. In zoben gindi ne ya warware, tsirkiyar ce marar kyau. In kuma sabuwa ce ta tsinke tun ana ɗaurawa, galibi an wuce sautinta ne ana neman ninkinsa. Tuna, wato na'urar saita sauti, tana nuna harafi kawai, to a riƙe lambobin: E ta shida 82, A 110, D 147, G 196, B 247, E ta ɗaya 330, girgiza a daƙiƙa.

Baban Ummi:
Bari in jero yadda ake ɗaurawa a jita mai ƙusoshi a jaki, don rabin ƙorafin rashin riƙe saiti daga nan yake.

Sassauta tsirkiya har ta yi laƙwas kafin ka yanke ta. Yanke ta a ɗaure yana iya tsone ido. Tura ta ciki kaɗan, sannan ka zare ƙusar. In ta ƙi, sa hannu ta bakin akwati ka turo ta daga ƙasa da wani abu mai tauri. Kada ka ɗana filaya a kan jaki kana ɓanɓara, katakon zai lotsa.

Sabuwar, ɗan lanƙwasa ta kusa da zobe, kamar santimita ɗaya. Zura zoben a rami, bi shi da ƙusa, tsagin ƙusar yana kallon wuya. Danna ƙusar da babban yatsa kana jan tsirkiyar sama har ka ji zoben ya zame ya kama katakon da ke ƙarƙashin jaki. Wannan ne wurin da ake kuskure. Ba ƙusa ke riƙe tsirkiya ba, wancan katakon ne, ƙusa tare hanya kawai take yi. In zoben ya maƙale a ƙarshen ƙusar, da ka fara ɗauri za ka ga tana tasowa, wani lokaci ta yi tsalle. Buga ta da ƙarfi ba magani ba ne, sai dai ya tsaga jaki.

A sama, juya turke raminsa ya kalli wuya, zura tsirkiyar ka ja ta miƙe, sannan ka dawo da ita baya kamar santimita 4 ga masu naɗi, 5 zuwa 6 ga sirara biyu. Wannan zai ba ka zagaye 2 zuwa 3 a kan masu kauri, 4 zuwa 5 a kan sirara. Lanƙwasa jelar a bakin rami, riƙe tsirkiyar a miƙe da ɗaya hannun, ka murɗa. Kowane zagaye ya sauka ƙarƙashin na baya, a jere, ba hawa kan juna. Saukar nan ce ke danne tsirkiya cikin tsagin ƙashi. A kai mai kunne uku nan uku can, duka shida ta cikin tsakiya suke bi su zagaya waje.

In ta kai sauti, sa yatsu ƙarƙashinta wajen firet na 12 ka ɗaga kamar santimita 1 zuwa 2, ka bi tsawonta, ka sake saiti. Maimaita har ta daina sauka. Kullum daga ƙasa ake hawa zuwa sauti. In ka wuce, sauko ƙasa da shi ka sake hawa. Sai a ƙarshe ka yanke jela, ka bar milimita 2 ko 3.

Sarkin Solo:
Baban Ummi, ka bar ƙulli. Sirara biyun nan in ba a mayar da jelar ta ƙarƙashi an lanƙwaso ta sama zagayen farko ya danne ta ba, suna zamewa, balle ga mai tura tsirkiya sama da ƙarfi.

Baban Ummi:
Da gangan na bar shi, Yaya. Zagaye 4 ko 5 masu tsabta ba sa zamewa. Ƙullin yana riƙewa, ban musa ba, amma ranar cirewa shi ne yake sa a tsokane turke da filaya, ya bar kaifin da Usta ya ambata, ga huda yatsa. Wanda ya ƙware ya yi. Abin da ya fi ƙulli hatsari shi ne a naɗe tsirkiyar gaba ɗaya ba a rage ba, zagaye takwas ko goma a cunkushe. Kowane zagaye yana da ɗan sako-sako da zai yi ta saki kwana da kwanaki.

Usta Mai Gyara:
Kan tambaya ta uku. Maganar cewa kwance duka shida yana karya wuya ba ta da tushe. Duk wanda zai gyara firet ko ya sauya sirdi dole ya kwashe su, wuya ya ɗan koma baya, in an ɗaura ya dawo. Kuma a nan ne ake samun damar share allon wuya. In baƙin katako ne marar fenti, ɗigo biyu ko uku na man allon jita a tsumma, a shafa a goge tas, sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Yawan mai yana shiga ƙarƙashin firet ya tausasa katako. Farin allo mai sheƙi ba ya son mai sam, tsumma mai ɗan danshi kawai.

Sarkin Solo:
Amma Usta a faɗi inda ba a yi. Jitar lantarki mai jaki mai lilo irin Floyd Rose, sifirin ne a baya ke ja, tsirkiya na ja a gaba, jakin yana tsaye a tsakiya. Ka kwashe shida, ya faɗa cikin raminsa, sai ka yini kana neman saiti. Ko dai ɗaya bayan ɗaya, ko ka buɗe murfin baya ka cusa ɗan katako ya tare shi. A irin wannan ana yanke zoben ne a matse bakin tsirkiyar a sirdi da alanki. In kuma ka canza kauri, daga 9 zuwa 10 misali, bayan jakin zai ɗago sama. Sai ka ƙara ɗaure sukurori biyun da ke riƙe da sifirin, rabin juyi kowanne, ka sake saiti, ka duba, har jakin ya kwanta daidai da fuskar jita.

Baban Ummi:
Ƙara da jita mai ƙumbon fuska wadda jakinta ba a manne yake ba, tsirkiya ce kawai ke danne shi. A kwashe duka, ya zame, saitin firet ya tafi. A sa salatif ɗin takarda a yi masa alama tukuna. Sannan jitar akwati mai na'urar ɗaukar sauti ƙarƙashin sirdi: in sirdin ya motsa bai koma ya zauna daram ba, wata tsirkiyar za ta fi wata ƙara a sifika. Ga mai koyo ni dai ɗaya bayan ɗaya na fi so, don ta kusa tana nuna masa hanyar naɗi da sautin da yake nema.

Malama Mai Nailan:
Sannunku da ƙoƙari. Ina so in sa baki don masu jitar nailan, kada su ɗauki wannan bayani su aikata a kan tasu. Ko da wasa kada a ɗaura ƙarfe a jitar kilasik. Saitin nailan matsakaici wajen kilo 38 zuwa 40 yake ja, kun ji na ƙarfe ya haura 70. Yawancinsu ba su da sandar ƙarfe a cikin wuya, katakon ciki ma sirara ne. Jaki zai tashi, wuya ya gantsare, kuma ba ya gyaruwa da sauƙi. Asalinsu ma da hanjin dabba ake ɗaura su, sai bayan yaƙin duniya na biyu Albert Augustine ya fito da ta nailan tare da taimakon makaɗin jita Andrés Segovia.

Mu ba ma zancen 12 ko 13, ja muke zaɓa: sassauƙa, matsakaici, mai tauri. A fara da matsakaici. Akwai kuma ta kabon, ta fi nailan siranta da nauyin jiki, sautinta ya fi kaifi, tana gyara G da ke yawan yin dushi-dushi, amma ta fi santsi wajen ɗauri.

Ɗaurin jaki: zura ta rami daga ɓangaren bakin akwati, ka bar jela kamar santimita 7. Dawo da jelar sama, zagaya ta bayan tsirkiyar, sannan ka murɗa ta ƙarƙashin kanta. Masu naɗi sau 1 ko 2, sirara uku sau 3. Sirrin shi ne murɗin ƙarshe ya faɗa bayan kusurwar jaki, ba a samansa ba, a nan ne ja yake danne jelar. In ya tsaya a sama, tana kaiwa sauti za ta zame ta zane fuskar jita. A ɗora ɗan kwali a bayan jaki lokacin ɗauri. Wasu suna narkar da bakin siraran da laita ya yi ɗan ƙulli, yana taimakawa, amma a yi shi nesa da jitar. Kuma a yi haƙuri, nailan yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci mako, kafin ya zauna. Kada a finciko shi da ƙarfi don a gaggauta, yana sirancewa wani wuri fiye da wani, sautin firet ya lalace.

Ɗan Koyo:
Na gode Malama. To a kwalin ina ganin wani an rubuta 80/20, wani fosfo. Mene ne bambancin?

Mai Situdiyo:
Naɗin waje ne ya bambanta, zuciyar duk baƙin ƙarfe ce. 80/20 jan ƙarfe ne kashi 80, tutiya 20. Ranar farko tana da haske da ƙara mai kaifi, ƙasanta a tsuke, amma gumi yana cinye ta da wuri. Fosfo jan ƙarfe ne wajen kashi 92, kuza kamar 8, da ɗan fosfo kaɗan da ke rage mata lalacewa. D'Addario ce ta fito da ita a 1974. Sautinta ya fi ɗumi da cikar tsakiya, kuma ta fi jimawa a yadda take. Jitar da sautinta ke da duhu a ba ta 80/20, wadda ke da tsiwa a ba ta fosfo.

A lantarki kuwa dole naɗin ya zama abin da maganaɗisu ke ja. Ƙarfe mai rufin nikel shi ne na kowa. Zallar nikel ta fi taushi da ƙarancin ƙara. Ƙarfe marar tsatsa ya fi kaifi da jure gumi, sai dai ya fi kaushi a yatsa kuma ya fi cin firet. In ka ɗaura tagulla a lantarki, maganaɗisu zuciyar kawai zai ji, masu naɗi su yi rauni, sirara su yi ta ihu.

Masu rufin roba, irin waɗanda Elixir ta fito da su a 1997, ba ƙarfen suka canza ba, hanya suka toshe. Abin da ke kashe tsirkiya shi ne dauɗa da gishirin gumi da ke shiga tsakanin naɗi su hana ta girgiza sosai. Ga mai gumin hannu ni su nake zaɓa masa kai tsaye. Suna rage ƙugin yatsa ma in ana ɗaukar sauti.

Sarkin Solo:
Suna jimawa, amma ba sa kai sabuwar marar rufi haske, kuma santsinsu yana sa yatsa ya zame wajen turawa. Wurin da fik (ɗan abin kaɗawa) ke duka ma rufin yakan yi gashi-gashi. Wanda zai wanke hannu kafin kiɗa, ya bi kowace tsirkiya da busasshen tsumma sama da ƙasa bayan ya gama, musamman ƙasan da ke kallon allo inda dauɗa ke taruwa, marar rufi ma za ta yi masa nisa.

Mai Bes:
Tunda an zo nan, maganar dafa tsirkiya fa? Mu masu bes, jita mai kaurin murya, muna yi. Minti 10 zuwa 15 a tafasasshen ruwa, a tsame, a shanya ta bushe ƙarau kafin a mayar. Haske yana dawowa.

Injiniya:
Yana dawowa na ɗan lokaci, ɗan'uwa, don dauɗa ta fita. Amma ruwa ba ya gyara lotsawar da firet ya yi wa naɗi, ba ya kuma mayar da ƙarfen da ya gaji. In danshi ya saura a ciki, zuciyar ta yi tsatsa inda ido ba ya gani. A bes mai kaurin 45 zuwa 105 ana iya yi sau ɗaya. A jita bai cancanta ba, siraran ba su da naɗin da za a wanke, kuma lanƙwasar turke takan karye wajen mayarwa.

Mai Bes:
Na karɓa. Abu ɗaya da zan ƙara: a duba kwali ko zuciyar mai kusurwa shida ce ko kewayayya. Mai kusurwa tana cizon naɗi, ka yanke ta ko'ina. Kewayayya in ka yanke ta kafin ka lanƙwasa, naɗin zai saki daga ciki, sabuwa fil ta fito a mace. Lanƙwasa ta sosai da filaya tukuna, ka yanke bayan lanƙwasar. Wannan ya shafi turakun da ake cusa bakin tsirkiya ta sama, don su dole a yanke kafin a naɗa.

Ɗan Koyo:
In na gyara sirdi da ƙashi, jakin kuma lafiya, na hau 13, me zan duba bayan nan?

Usta Mai Gyara:
Bar ta ta kwana a ɗaure, sannan ka bi wannan jerin, kada ka sauya shi. Farko wuya. Sa kapo a firet na 1, danne ta shida a firet ɗin da wuya ya haɗu da akwati, ka duba tazarar da ke tsakaninta da kan firet na 7. Wajen milimita 0.2 zuwa 0.3 ake so. In ba ka da fila-geji (ma'aunin tazara), guntun tsirkiya lamba 10 milimita 0.25 ne, gwada da shi. In tazarar ta fi haka, sassauta tsirkiya kaɗan, sa alanki daidai bakin sandar wuya ka juya hannun dama, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka sake saiti ka auna. In ta cije kada ka tilasta, sandar in ta karye aikin ya fi ƙarfin gida.

Na biyu tsayi a firet na 12, daga kan firet zuwa ƙasan tsirkiya: kamar milimita 2.5 a ta shida, 2 a ta ɗaya. In ya fi haka bayan wuya ya daidaita, gindin sirdi ake ci a kan samfefa da aka shimfiɗa a gilashi, kuma don ka sauke rabin milimita a firet na 12 sai ka cire milimita ɗaya a sirdi. Sandar wuya ba ta wannan aikin ba ce.

Na uku, kaɗa tsirkiya ba tare da ka danne ta ba, sannan ka danne firet na 12, tuna ta nuna harafi ɗaya daidai. In na 12 ya haura, tsirkiyar na son ƙarin tsawo, a lantarki sai a ja sirdinta baya. In ya gaza, a turo shi gaba. Da sabuwar tsirkiya kawai ake wannan awo. Tsohuwa tana ƙarya: za ka ga allurar tuna tana rawa ta ƙi tsayawa, in ka shafa ƙasanta ka ji ramuka daidai kowane firet. Da ka ga waɗannan biyun lokacin canji ya yi, ko da ba ta yi tsatsa ba.

Ɗan Koyo:
Ta ƙarshe Usta. G ɗin da ta tsinke yanzu, in sa mata guda ɗaya ko in canza duka?

Usta Mai Gyara:
In saitin bai wuce mako biyu ko uku ba, sa guda ɗaya, amma lamba 24 mai naɗi, kuma irin ƙarfen sauran. Kada ka cike gurbin da G ta lantarki marar naɗi, 17 ko 18, don an yanka sirdin akwati ne a kan mai naɗi, marar naɗi za ta riƙa haurawa a kowane firet. In saitin ya tsufa, canza duka, in ba haka ba sabuwar za ta yi ta ƙara ita kaɗai a tsakiyar kod. Tsofaffin da ba su tsinke ba kuma ka naɗe ta ɗaya da ta uku ka ajiye a jakar jita, su ne ka fi buƙata in wata ta tsinke ana tsakiyar kiɗa.